An danƙa mini ƙungiyar yaran unguwa, kuma ana so mu sa kofi a dogon hutu. Ta ina zan fara?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙwallon unguwa. A nan Katsina an ce in riƙe ƙungiyar yaranmu 'yan ƙasa da shekara 15, aikin sa kai ne, ba ko sisi. Yaran sun kai 30, ƙwallo biyu gare mu, fili kuma na makarantar firamare ne muke shiga da yamma. Ban da wannan, matasa na so mu sa kofi a dogon hutu, har ana maganar ƙungiya 16. Na buga ƙwallo amma ban taɓa horarwa ba. Me zan fara yi, yaya ake tsara atisaye, kuma yaya ake gudanar da gasa ta ƙare ba tare da an tashi baram-baram ba? Allah ya saka da alheri.

Sakataren Kulob:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye usur tukuna, ka ɗauki biro. Yawancin ƙungiyoyin unguwa ba rashin iya wasa ke kashe su ba, fili ne da kuɗi da iyaye.

Fara da filin. Shiga da kuke yi da yamma ba izini ba ne, kawar da kai ne ake yi maku, kuma ranar da ƙwallo ta fasa taga ko aka bar ledar ruwa warwatse a harabar, ranar za a sa kwaɗo a ƙofa. Ka rubuta takarda zuwa ga hedimasta, ka kai kwafi ga kwamitin kula da makarantar, mai unguwa ya sa hannu a ƙasa. A rubuta ranaku da lokaci, da sunan wanda za a tuntuɓa in an yi ɓarna, da alƙawarin sharar fili bayan kowane wasa. Makarantun firamare na ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, don haka in gasa ce da za ta tara jama'a, hedimasta zai iya cewa sai an sanar da ofishin sakataren ilimi. Kada ka ji haushi, kansa yake karewa. Ka karɓi amsa a rubuce, saboda ana canja hedimasta, sabo kuma bai san da maganar baka ba.

Sai iyaye. Kowane yaro ya zo da takardar amincewa mai ɗauke da sa hannun uba ko wanda ke riƙonsa, da lambar waya, da ranar haihuwa, da ko yana da wata lalura. Kada ka karɓi takardar da yaro ya kawo kawai, ka kira lambar, domin yara sun iya sa wa kansu hannu. Ka kuma duba lokacin Islamiyya kafin ka tsayar da ranakun atisaye. Da yawa daga makarantun na hutu Alhamis da Juma'a, to a nan ka kafa manyan ranakunka, ka ƙara da safiyar Asabar ko Lahadi in ba su da karatu. Kocin da ya ja da malamin Islamiyya a kan lokaci ya riga ya faɗi, don uba ba zai bi bayan ƙwallo ba.

Maganar kuɗi kuwa, doka ɗaya ce ba ta da sassauci: mai horarwa ba ya riƙe kuɗi. Kai ne ke zaɓen wanda zai buga da wanda zai zauna a benci. Ranar da kuɗin ƙungiya ke aljihunka, duk yaron da ka ajiye za a ce don bai biya ba ne, duk wanda ka sa za a ce ubansa ya ba ka wani abu. A nemi mutum uku: shugaba dattijo da ake jin maganarsa, sakatare, da ma'aji. Littafi guda, shafin hagu abin da ya shigo, na dama abin da ya fita, kowane wata a ɗauki hotonsa a tura zauren WhatsApp na iyaye. Kuɗin mako da yara ke bayarwa ya zama kaɗan ƙwarai, wanda zai sayi ruwa da sabulun wankin jesi, kuma a ware yara uku ko huɗu marasa hali a yafe masu a asirce. In ƙungiya ta girma har ana son asusun banki da sunanta, sai an yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC a matsayin ƙungiya mai amintattu. Wannan ba na shekarar farko ba ne.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka ɗauke shi da wasa: kada ka keɓe da yaro kai kaɗai, kada yara su riƙa zuwa ɗakinka, kada ka aike su, kada ka doke su. Tafiya wasa Daura ko Mashi, manya biyu aƙalla, mota mai kujeru ba bayan a-kori-kura ba, a tashi da wuri a dawo gida da sauran rana.

Koci Mai Usur:

Sakatare ya faɗi gaskiya. Ni bari in shiga cikin fili.

Yara 30 da ƙwallo biyu ba atisaye ba ne, layi ne. In ka jera su kowa na jiran bugu ɗaya, yaro zai taɓa ƙwallo sau biyar a rabin awa, sauran lokacin kokawa da tsokana. Kuɗin farko da ya shigo kada a sayi jesi, a sayi ƙwallo. Abin da ake so ƙwallo ɗaya ga yara biyu, amma ko takwas kuka samu aiki zai yiwu. 'Yan shekara 12 zuwa ƙasa ƙwallo mai lamba 4 ce tasu, daga 13 zuwa sama lamba 5. Ka sayi famfo da allura biyu, a jiƙa allurar kafin a soka, in ba haka ba bakin ƙwallon ke lalacewa ta riƙa sacewa. A hana zama a kan ƙwallo, a kuma bi gefen fili a cire ƙaya da tsidau da fasassun kwalabe, su ke cinye ƙwallaye. Alamomin fili ba sai ka sayi na kanti ba, robar lemo da aka zuba wa yashi ta isa.

Raba yaran gida biyu bisa shekaru da girman jiki, ka nemi mataimaki ko da babban ɗan wasa ne daga ƙungiyar manya. Ɗan shekara 11 da ɗan 15 ba sa haɗa ƙafa, ƙaramin ne zai karye ko ya tsorata ya daina zuwa.

Atisayen minti 75 zuwa 90 ya isa. Minti 15 na farko ɗumama jiki: sassarfa, gudu gefe-gefe da baya-baya, tsalle da sauka a kan ƙafa ɗaya gwiwa a lanƙwashe, tsayuwa da ƙafa ɗaya ana jefa wa juna ƙwallo. FIFA na da tsarin ɗumama jiki mai suna 11+, na kamar minti 20, wanda aka yi don rage raunin gwiwa da idon sawu. Yana nan kyauta a intanet da bidiyonsa. Bayan haka minti 20 na gwaninta, abu ɗaya tak a rana. In yau tarbar ƙwallo ce, to tarbar ce: da cikin ƙafa, a karkatar da ita inda babu abokin hamayya, ƙafar dama da ta hagu. Sai minti 25 na ƙananan wasanni, huɗu da huɗu a fili mai tsawon taku 30 da faɗin 20, fili uku ko huɗu a lokaci guda. A nan yaro ke koyon ƙwallo, don ba inda zai ɓuya. Ragowar lokaci a buga babban wasa ka yi shiru ka kalla. Yawan tsayar da wasa ana wa'azi ba ya koyar da komai. In za ka gyara, ka faɗi abu ɗaya cikin rabin minti a ci gaba.

Zagaye fili sau goma da tsallen kwaɗo, waɗanda aka gada daga manya, ka bar su. Yaron da ya yi huɗu da huɗu na minti 25 ya yi gudun da ya ishe shi.

Lokaci kuma ya danganta da yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina na haura digiri 40, kada a fara kafin biyar saura, ko a koma safiya daga ƙarfe 6:30, kuma a tsaya shan ruwa duk minti 15 zuwa 20. Ka lissafa ledar ruwa biyu zuwa uku ga kowane yaro, kowace leda rabin lita ce. Da hunturu ƙasa na bushewa ta yi tauri, takalmi mai dogayen haƙora na sa ciwon diddige da gurɗewa, kambas ko mai ƙananan haƙoran roba ya fi. Da azumi a rage zuwa minti 40 na aiki mara nauyi dab da shan ruwa, ko a ɗage.

Kuma ka sa kowa ya buga. A wasan sada zumunta kowane yaro ya samu aƙalla rabin lokaci. Wanda ya fi kowa ƙanƙanta yau, bayan shekara biyu zai iya fin kowa tsawo. In kana son takarda a harkar, matakin farko shi ne lasisin horarwa na D na hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, sai C zuwa sama, kuma akwai kwasa-kwasan Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Ka riƙa leƙa ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, ta nan sanarwa ke fitowa.

Tsohon Lafiri:

Malam, a kan ƙungiya 16 nake so mu yi lissafi, don da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ƙungiya 16 a rukuni huɗu, kowane rukuni wasa 6, ka ga 24. Ƙara zagayen 'yan takwas 4, kusa da na ƙarshe 2, neman na uku 1, wasan ƙarshe 1. Wasa 32 ke nan. Filinku ɗaya, kuma tsakanin la'asar da magariba wasa ɗaya kawai ke shiga. Wato kwana 32 cur ba fashi, a tsakiyar damina, cikin Agusta da ruwa ya fi yawa. Za a koma makaranta ba ku gama ba, kuɗin alƙalai ya ƙare, waɗanda aka cire sun daina zuwa. Ka yi ƙungiya 8: rukuni biyu, wasa 12, sai kusa da na ƙarshe 2, na uku, da na ƙarshe. Wasa 16, sati uku da kwanakin rara saboda ruwa. In an matsa sai 16, to a yi sili ɗaya ƙwale, wasa 15, sai dai yaron da ya biya rajista ya buga sau ɗaya ya koma gida, wannan kuma ba daɗi. Rukunin ƙungiya uku ka guje shi, saboda biyun da za su buga a ƙarshe sun riga sun san sakamakon da zai fitar da su tare.

Wannan haɗa baki tsohon abu ne. A gasar cin kofin duniya ta 1982, Jamus ta Yamma da Ostiriya sun tashi ɗaya da nema, sakamakon da ya wuce da su biyun ya kori Aljeriya wadda ta riga ta buga nata wasan. Daga nan aka koma buga wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci guda. Kai ma ka ari fili na biyu na kwana biyu kawai don wannan. Jadawalin rukuni mai huɗu kuwa: 1 da 4, 2 da 3, sai 1 da 3, 4 da 2, sai 1 da 2, 3 da 4. A jefa ƙuri'a a gaban wakilan kowa.

Tsawon wasa ga 'yan ƙasa da 15, minti 35 sau biyu da hutun minti 10, jimla minti 80. A take wasa 4:30 daidai. A zagayen kifa ɗaya ƙwala ba ƙarin lokaci, kai tsaye bugun fenareti, biyar-biyar, kuma waɗanda ke cikin fili lokacin da aka tashi su kaɗai ke bugawa. Da damina magariba na kaiwa kusan ƙarfe 7, akwai sarari. In kun maimaita gasar a Disamba, rana na faɗuwa 6 da 'yan mintuna, jinkirin minti 20 zai sa a yi fenareti cikin duhu.

Zanen fili. Doka ta ce tsawo mita 90 zuwa 120, faɗi 45 zuwa 90, kuma an yarda a rage wa yara. Raga faɗinta mita 7.32, tsayinta 2.44. Babban gidan gola mita 16.5 daga cikin kowane turke, ƙarami 5.5, wurin fenareti mita 11 daga layin raga, da'irar tsakiya mita 9.15 daga ɗigon tsakiya. Inda ake yawan kuskure shi ne kusurwa, fili ya fito a karkace. Ɗauki igiya mai mita 12, yi ƙulli a mita 3 da mita 7, haɗa bakinta biyu, mutum uku su ja ta miƙe ta ba da gefe 3 da 4 da 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce daidai. Don tabbatarwa, auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, dole su zo ɗaya. Fili mai 90 da 60 zai ba ka mita 108 da 'yan kai. A zana da toka ko farar ƙasa. Ɗanyen laim da siminti na ƙona fata da ido in yaro ya faɗi a kai. Turakun raga a binne su sosai, raga mai ɗaukuwa kuma a ɗaure ta da ƙasa, don yara na lilo a jikin sandar sama, ta kife a kansu.

Yanzu ga abin da ke tayar da rigima: 'yan haya da ƙaryar shekaru. Rajista ta rufe kafin wasan farko, 'yan wasa 18 zuwa 20, kowa da hoton fasfo biyu, ɗaya a katinsa ɗaya a babban littafi wurin kwamiti. A nemi takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ko lambar NIN, a haɗa da shaidar makaranta da ajin da yake. Takardar rantsuwa ta kotu da aka yi satin gasar ba hujja ba ce. A yi ranar tantancewa, duk ƙungiyoyi su jeru a fili, kowa ya ga 'yan wasan kowa, mai ƙorafi ya yi a ranar. Ko FIFA sai da ta kawo hoton MRI na wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009 saboda wannan matsala. Ku ba ku da na'ura, amma kuna da abin da ya kusa finta: 'yan unguwa sun san shekarar da aka yi sunan kowa.

Dokokin gasa su zama shafi ɗaya, kowane koci ya sa hannu: nasara maki 3, kunnen doki 1, in maki ya zo ɗaya a duba bambancin ƙwallaye, sai yawan ci, sai wasan da suka yi da juna, jinkirin minti 15 an ba abokan karawa 3 da nema, ƙasa da mutum 7 ba wasa, jan kati ko katin gargaɗi biyu a wasanni daban-daban, hutun wasa ɗaya, ƙorafi a rubuce cikin awa 24. Ban da kuɗin rajista a karɓi kuɗin ajiya da za a mayar a ƙarshe, wanda ƙungiya za ta rasa in magoya bayanta sun shiga fili. Ba sanya kariyar ƙwauri, ba wasa. Zobe da sarƙa da abin hannu duk a cire, har da laya da kambu, doka ba ta ware su ba.

Alƙalai daga wajen unguwannin da ke gasar, ta hannun ƙungiyar alƙalan wasa ta jiha, kwamiti ne ke biyansu kafin a take wasa, ba ƙungiyoyi ba. A ja igiya taku uku daga layi, a sanar da ofishin 'yan sanda na yankin a rubuce, a sa 'yan sintirin unguwa. Masu caca a bakin fili su ne ke fara jifa, kauraye kuma hayaniya suke jira, don haka wasan da aka san akwai tsohuwar gaba a cikinsa a gayyato mai unguwa da liman su zauna a gaba.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ƙanena, ba wanda ya taɓo jakar magani. A ciki: safar hannu, auduga da bandeji, bandeji mai talewa guda uku, filasta, almakashi, ruwan wanke ciwo, sabulu, gishirin ORS, da kula mai ƙanƙara ranar wasa. In ORS ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Targaɗe: a fitar da yaro, ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a naɗe, a ɗaga ƙafar. Ba murza, ba ja, ba man zafi a kwana biyun farko, suna ƙara kumburi. In ba ya iya taka ƙafar ko gaɓar ta canja siffa, a tallafe ta yadda take a kai asibiti a ɗauki hoto kafin a yi maganar ɗori, saboda ƙashin yaro yana da wurin girma kusa da gaɓa, in ya haɗe a karkace ƙafar ta tafi ke nan. Haɓo: ya sunkuyar da kai gaba, a matse hanci minti 10, ba ɗaga kai sama ba. In an yi karo da kai, yaro ya ji jiri ko amai ko ya rikice, ya gama wasa a ranar ko da ya rantse ya warke, kuma a gaya wa iyayensa. Wanda zafi ya buge har ya fara sambatu, inuwa, a cire riga, a kwarara masa ruwa a yi fifita, a tafi asibiti ana yi.

A takardar iyaye ku tambayi sikila da asma da farfaɗiya. Mai sikila rashin ruwa da wahala mai tsanani ke tayar masa da ciwo, sai da shawarar likitansa. Yaron da ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, wannan zuciya ce, kamar yadda ta faru da ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji a filin wasa na Legas a 1989. Ba a zuba masa ruwa a baki. A danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani ya kawo mota. Kowace ranar wasa a san motar wa ce, makullin na hannun wa, kuma asibitin Janar za a nufa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Koci ba ya raba ƙwaya, ko ta ciwon jiki. Wanda kuka gani da tiramol kafin wasa, maganar iyaye ce a ranar.

Sakataren Kulob:

Ƙari kan kyauta. Kada a sanar da kuɗin da ba ya hannun ma'aji. Mai neman kujera zai yi alƙawarin ɗaukar nauyin kofi, ranar wasan ƙarshe wayarsa a kashe. A gasar yara ma kuɗi mai yawa shi ke jawo 'yan haya, gara kofi da jesi da ƙwallaye.

Sannan ku yi wa kulob da yaran rajista da hukumar ƙwallon jiha. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ga kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, amma wanda ke cikin rajista kaɗai ake sani. Dokar kuma ta hana kai yaro ƙasa da 18 wata ƙasa buga ƙwallo sai a wasu 'yan sharuɗɗa. Duk wanda ya zo ya ce iyaye su kawo kuɗin biza zai kai ɗan shekara 15 Turai, a sallame shi.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai manyanmu, za mu koma ƙungiya 8. Saura ɗaya, Baba Lafiri: in ruwa ya tsinke ana tsakiyar wasa fa?

Tsohon Lafiri:

Ruwa kaɗai ba ya tsayar da wasa sai in ƙwallo ta daina gangarawa ko layi ya goge. Walƙiya da tsawa kuwa nan take a tashi, kowa ya shiga aji, ba ƙarƙashin bishiya ba, sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba a dawo. In duhu ya riga ku, alƙali ya rubuta minti nawa aka buga, ci nawa, da sunayen waɗanda ke cikin fili da katunan da aka bayar, koci biyun su sa hannu. Washegari da safe a ƙarasa ragowar mintunan daga inda aka tsaya, da mutanen da ke ciki. Ka sa wannan a shafin dokoki tun yanzu, don in ba a rubuce yake ba, wanda ake ci zai ce a sake daga farko.